Basira da Sha'awa: Wanne Ke Jan Wani a Fagen Koyo?

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin ɗalibai, wani lokaci har daga bakin manyan da suka daɗe da barin makaranta: "Ni ba ni da kan lissafi." Wani ya ce kansa ba ya ɗaukar baƙon harshe, wata ta ce hannunta ba ya zane. Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba, domin da gaske ya sha wuyar darasin, da gaske kuma ransa bai kwanta da shi ba. Abin dubawa shi ne ya dunƙule abubuwa uku a jimla guda, wato abin da ƙwaƙwalwarsa za ta iya, da abin da zuciyarsa ke so, da abin da ya riga ya koya, sannan ya kira su da suna ɗaya. Waɗannan ukun makusantan juna ne, amma kowanne da hanyar da yake bi, kuma rashin rarrabe su ya sa mutane da dama sun juya wa ƙofar da ba a kulle take ba baya.

Harshenmu tun asali bai ɗauki basira a matsayin abu guda ba. Muna cewa wane haziƙi ne, wane mai wayo ne, wance mai fasaha ce, wani mai hikima, wani kuma mai saurin hadda, kuma ba wanda ke zaton mai wayo dole ya zama mai hikima. Saboda haka idan aka ce basira iri-iri ce, kunne ba ya jin baƙon abu. Tambayar ita ce ko awon da masana halayyar ɗan'adam suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi ya tabbatar da hakan, kuma amsar tana da rassa.

A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira na farko mai amfani a Faransa, da niyyar gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Shekara guda kafin nan, a 1904, Charles Spearman na Ingila ya lura da wani abu da har yau ba a ture shi ba: yaron da ya yi kyau a darasi ɗaya, galibi yakan yi kyau a sauran, ko da kuwa darussan ba su yi kama da juna ba. Ya ce lallai akwai wani ƙarfi na gama-gari a ƙarƙashinsu, ya yi masa laƙabi da harafin g. An sake gwada wannan sau ba adadi, kuma sakamakon bai sauya ba. A wani bincike da Ian Deary da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 kan yara fiye da 70,000 a Ingila, alaƙar da ke tsakanin wannan basirar gama-gari a shekara 11 da sakamakon jarrabawar ƙasa a shekara 16 ta kai 0.81 a ma'aunin da ƙololuwarsa 1 ce. A fannin nazarin halayya, ba kasafai ake samun alaƙa mai ƙarfi haka ba.

Sai dai wannan bai kashe batun bambancin iyawa ba. Louis Thurstone a 1938 ya ware iyawa bakwai, ciki har da fahimtar kalmomi, da sarrafa lambobi, da hango siffar abu a cikin kai, da ƙarfin tuni. A 1993 John Carroll ya sake nazarin tarin bayanai fiye da 460 da aka tattara cikin shekaru masu yawa, ya nuna cewa lamarin hawa-hawa ne: basirar gama-gari a sama, manyan iyawa kamar takwas a tsakiya, ƙananan iyawa masu yawa a ƙasa. Wato mutum biyu za su iya zuwa kunnen doki a jimlar maki, amma ɗaya ya fi ƙarfi a magana da rubutu, ɗayan ya fi ƙarfi a lambobi da siffofi.

Ra'ayin da ya fi shiga jama'a, musamman malaman makaranta, shi ne na Howard Gardner na Jami'ar Harvard. A littafinsa na 1983 ya kawo nau'o'in basira bakwai: ta harshe, ta lissafi da hujja, ta kiɗa, ta siffa da wuri, ta sarrafa jiki, ta fahimtar mutane, da ta fahimtar kai. Daga baya, a shekarun 1990, ya ƙara ta fahimtar halittu da muhalli. Gardner bai dogara da gwajin takarda ba. Ya duba abubuwa irin su masu raunin ƙwaƙwalwa da suka rasa iya magana amma ba su rasa iya rera waƙa ba, da mutanen da ke da baiwa ta ban mamaki a abu guda alhali suna fama a sauran. Ra'ayin ya samu karɓuwa ne saboda ya faɗi abin da kowane malami mai lura ya daɗe yana gani, cewa yaron da ke ƙarshen aji a rubutu yana iya zama wanda ya fi kowa gane yadda inji ke aiki, ko wanda ke sasanta rikicin 'yan'uwansa.

A ganina Gardner ya yi wa ilimi hidima ta fuskar girmama iyawar da jarrabawa ba ta aunawa, amma da'awarsa cewa nau'o'in nan kowanne cin gashin kansa yake yi ba ta samu gindin zama ba. Da Beth Visser da abokan aikinta suka gwada mutane a kan waɗannan fannoni a 2006, sun tarar cewa na harshe da lissafi da siffa da makamantansu suna tafiya tare, kamar dai yadda Spearman ya faɗa, sai irin na sarrafa jiki ne suka fi yin nesa da sauran. Robert Sternberg ma ya kawo nasa rabon gida uku a 1985, wato basirar nazari da ta ƙirƙira da ta tafiyar da al'amuran yau da kullum, sannan Peter Salovey da John Mayer suka gabatar da basirar fahimtar motsin rai a 1990. Duk waɗannan sun faɗaɗa tunani, kuma duk sun ci karo da matsala ɗaya, ta yadda za a auna abin ba tare da ya koma ko dai basirar gama-gari ko ɗabi'ar mutum ba.

A nan ne sha'awa ke shigowa, kuma a nan ne ruɗanin ya fi yawa. Yawancin takardun tambayoyi da ake ba mutum don ya gano "nau'in basirarsa" suna tambayarsa ne ko yana jin daɗin kiɗa, ko yana son zama cikin mutane, ko yana son warware wasan ƙwaƙwalwa. Amsar irin waɗannan tambayoyi tana nuna abin da mutum yake so da yadda yake ganin kansa. Ba ta nuna abin da zai iya. Kuma an daɗe da sanin cewa kimanta kai da mutum ke yi tana da alaƙa matsakaiciya ce kawai da abin da gwaji na ainihi ke nunawa. Mai son kiɗa ya fi mai kunnen kiɗa yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai masu kunnen da ba su taɓa sanin suna da shi ba domin ba wanda ya taɓa miƙa musu abin kaɗawa.

Ita sha'awa tana da nata fannin nazari. John Holland, tun daga 1959, ya tsara sha'awar sana'a zuwa gida shida: son aikin hannu da kayan aiki, son bincike, son fasaha da ƙirƙira, son taimakon mutane, son jagoranci da kasuwanci, da son aikin tsari da lissafin takardu. Da Phillip Ackerman da Eric Heggestad suka tattara bincike masu yawa a 1997 don ganin yadda waɗannan ke haɗuwa da iyawa, sun ga cewa akwai haɗuwa, amma ba ɗaya-da-ɗaya ba. Masu son bincike da aikin hannu sun fi karkata ga ƙarfi a lissafi da hangen siffa. Masu son fasaha da bincike sun fi karkata ga yalwar kalmomi da faɗin sani. Masu son aikin tsari sun fi saurin lura da ƙananan bambance-bambance a rubutu da lambobi. Amma son mutane da son jagoranci ba su nuna wata alaƙa ta a-zo-a-gani da iyawar da gwaje-gwajen gargajiya ke aunawa ba, abin da ko dai ke nufin gwajin bai kai nan ba, ko kuma son hulɗa da jama'a ya fi kusa da ɗabi'a fiye da basira.

To, ta wace hanya ce sha'awa ke taɓa basira? Bayanin da na fi gamsuwa da shi na Raymond Cattell ne. Ya raba basira gida biyu. Ɗaya ya kamanta ta da ruwa mai gudana, ita ce iya warware matsalar da mutum bai taɓa gani ba, ba tare da jingina da abin da aka koya masa ba. Ɗayar ya kamanta ta da abin da ya daskare, ita ce tarin kalmomi da sani da dabarun da mutum ya mallaka ta hanyar koyo. Sai ya ce ta farkon kamar jari ce da mutum ke zubawa, ta biyun kuwa ita ce ribar da ta taru. Ackerman ya gina a kan wannan a 1996, ya ce abin da ke yanke hukuncin inda za a zuba jarin shi ne sha'awa da ɗabi'a. Yara biyu masu jari iri ɗaya, ɗaya ya zuba nasa a karatun tarihi, ɗayan a kwance kayan lantarki da ɗaure su, bayan shekara ashirin wanda ya gan su zai rantse cewa ƙwaƙwalwarsu daban aka halitta. Mafi yawan abin da muke gani a jikin babban mutum mu kira shi nau'in basirarsa, tarihin inda ya shafe sa'o'insa ne.

Wannan rabo yana kuma bayyana abin da ke faruwa da shekaru. Basira mai gudana takan kai ƙololuwa a farkon girma, daga nan ta riƙa raguwa sannu a hankali, alhali tarin sani yana ci gaba da ƙaruwa har zuwa shekarun tsufa. Shi ya sa ɗan shekara hamsin zai iya jin nauyin fannin da bai taɓa shiga ba, amma ya riga matashi kama sabon abu a fannin da ya daɗe yana ƙauna.

Dalilin hakan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar maganar. A 1989 Wolfgang Schneider da Joachim Körkel da Franz Weinert suka ba yaran makaranta a Jamus wani labari game da wasan ƙwallon ƙafa, sannan suka auna abin da suka tuna da abin da suka fahimta. Yaran da makinsu na gwajin basira ya yi ƙasa amma suka san ƙwallo sun doke yaran da makinsu ya yi sama amma ba su san ƙwallo ba, har a gano inda labarin ya saɓa wa kansa da cike giɓin abin da ba a faɗa ba. Shekara guda kafin nan Donna Recht da Lauren Leslie sun samu kusan wannan sakamako a Amurka da wani labarin wasa, inda raunanan masu karatu da suka san wasan suka fi ƙwararrun masu karatu da ba su san shi ba. Tun a 1973 kuma William Chase da Herbert Simon sun nuna wa 'yan wasan ces, wato darar Turawa, allon wasa na daƙiƙa biyar kacal. Gwanin wasa ya tuna wuraren 'ya'yan dara da yawa fiye da ɗan koyo matuƙar tsarin ya fito daga wasa na gaske, amma da aka watsa 'ya'yan barkatai sai fifikon nasa ya kusa ɓacewa.

Abin da ke faruwa shi ne wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da take aiki a kai a lokaci guda ɗan ƙarami ne ƙwarai, abubuwa kaɗan yake ɗauka. Wanda ya san fanni yana ganin abubuwa goma a matsayin dunƙule ɗaya mai ma'ana, don haka wurin ba ya cika masa, kuma kowane sabon bayani yana samun inda zai rataya. Sha'awa ce ke sa yaro ya tara wannan sani ba tare da an tsaya a kansa ba, yana tambaya, yana maimaitawa, yana tunanin abin ko a lokacin da ba wanda ya sa shi. Da koyo akan iya, amma son abu ne ke zaunar da mutum ga koyon. Ya kamata dai a ƙara cewa idan sani ya zo daidai tsakanin mutum biyu, mai ƙarfin tunani yakan ɗan yi gaba, don haka sani yana rufe giɓi ne ba tare da ya shafe shi ba.

Kibiyar kuma tana komawa baya, wato iyawa ma tana haifar da sha'awa, kuma a nan akwai wani tarko da Herbert Marsh ya bayyana a 1986. Makin ɗalibai a lissafi da makinsu a harshe suna tafiya tare sosai. Amma idan aka tambaye su yadda suke ganin kansu a darussan biyu, amsoshin kusan ba su da alaƙa. Dalili shi ne ɗalibi ba da 'yan ajinsa kaɗai yake gwada kansa ba, yana kuma gwada darasinsa ɗaya da ɗayan. Yarinyar da ke cin 90 a harshe da 75 a lissafi takan yanke hukuncin cewa ita ba ta lissafi ba ce, alhali yaron da ke cin 65 a lissafi da 50 a harshe yana ɗaukar kansa ɗan lissafi. Ta fi shi iya lissafin, amma shi ne zai ci gaba da zuba jari a ciki, ita kuwa ta janye, kuma bayan 'yan shekaru hukuncin da ta yanke bisa kuskure zai zama gaskiya. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin irin wannan yarinya ce ake miƙa wa takardar tambayoyi a gaya mata basirarta ta harshe ce, sai a sa hatimi a kan kuskuren.

Sha'awa ita ma ba a haifuwar mutum da ita a kammale. Suzanne Hidi da Ann Renninger sun bayyana a 2006 cewa tana girma ne mataki huɗu: wani abu ya fizgi hankali na ɗan lokaci, sannan ya samu abin da zai riƙe shi, sannan mutum ya fara komawa gare shi da kansa, sannan ya zama abin da ya kafu a ransa har yana jure wahalarsa. Matakai biyu na farko sun dogara ne kusan kacokan ga abin da ke wajen mutum, kamar malami mai iya bayani, ko littafi, ko aboki, ko damar taɓa abu da hannu. Wanda ya ce ba ya sha'awar kimiyya sau da yawa yana ba da labarin yadda aka gabatar masa da ita ne. Paul O'Keefe da Carol Dweck da Gregory Walton sun nuna a 2018 cewa ɗaliban da suka ɗauka sha'awa abu ce da ake tsinta a shirye sun fi saurin sanyin gwiwa da zarar sabon fanni ya fara wuya, domin suna fassara wuyar da cewa wannan ba nasu ba ne.

Akwai wani ra'ayi da ya manne wa na Gardner, shi ne cewa kowane ɗalibi yana da salon koyonsa, wani ta gani, wani ta ji, wani ta motsi, kuma a koyar da kowa ta salonsa. Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin hujjojin a 2008, ba su samu abin da zai tallafi wannan ba, kuma shi kansa Gardner ya fito fili a 2013 ya ce ra'ayinsa daban, salon koyo daban. Mutane suna da hanyar da suka fi so, amma abin da ake koyo ne ke zaɓar hanyar da ta dace da shi, taswira a gan ta, furucin harshe a ji shi, ɗaurin igiya a yi shi da hannu.

Ba zan so a fahimci cewa sha'awa da naci suna iya komai ba. Brooke Macnamara da abokan aikinta sun tattara bincike a 2014, suka tarar cewa yawan atisaye mai tsari yana bayyana kusan kashi 26 cikin ɗari na bambancin ƙwarewa a wasannin ƙwaƙwalwa, kashi 21 a kiɗa, kashi 18 a wasannin motsa jiki, sai kashi 4 kacal a karatun makaranta. Akwai mai ƙaunar abu da ba zai kai sahun gaba a cikinsa ba, kuma gaya masa akasin haka zalunci ne. Binciken da Julian Stanley ya fara a 1971 kan yara masu hazaƙa a Amurka, wanda David Lubinski da Camilla Benbow suka ci gaba da shi shekaru da dama, ya nuna cewa karkatar iyawa tun a shekara 13, zuwa lissafi ko zuwa harshe, tana hasashen fannin da mutum zai yi fice a ciki idan ya girma, kuma idan aka haɗa da sha'awarsa hasashen yana ƙara daidai. Sai dai jarin shi ma ba a kulle yake ba. Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun nazarci bayanan mutane fiye da 600,000 a 2018, suka ga cewa kowace ƙarin shekara a makaranta tana ɗaga makin IQ, wato makin gwajin basira, da maki 1 zuwa 5.

Iyawar da na fi jin an zalunta ita ce ta hango siffa a cikin kai, wato mutum ya juya abu a zuci, ya san yadda zai kasance idan an naɗe shi ko an yanka shi ko an dube shi ta baya. Jonathan Wai da Lubinski da Benbow sun koma a 2009 ga bayanan ɗaliban sakandare kimanin 400,000 da aka gwada a Amurka a 1960, suka ga cewa wannan iyawa tana hasashen nasara a injiniyanci da kimiyya bayan an cire gudummawar lissafi da harshe. Sun kuma ga cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda ke sahun farko a wannan iyawa ba su shiga sahun farko a lissafi ko harshe ba, wato jarrabawar da makaranta ta saba yi ba za ta gano su ba. Irin waɗannan yara ne galibi ke son kwance abubuwa da gini da zane, sha'awar da manya ke kallo a matsayin ɓata lokaci, alhali ita ce kaɗai alamar da suke bayarwa. Wannan iyawa kuma tana karɓar horo: David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217 a 2013, suka tarar cewa atisaye yana inganta ta a yara da manya, ci gaban yakan ɗore bayan an gama horon, kuma yakan ratsa zuwa wasu ayyukan siffa da ba a horar da mutum a kansu ba.